Kukan Birki

Bukkuyum,
Talata, 14 ga Satumba

Zuwa ga Kawu Shitu, Gummi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna Tabawa da duk mutanen gida. Ya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gero ya yi kyau bana, wake ne muke jira.

Na san za ka ce wace Kubura kuma. Kubura ce ɗiyar Hamsatu, jikar Goggo Raihana, ni ce wadda ta zauna gidanka shekara uku tana riƙe maka kwanon ruwa kana neman hujin tif ɗin tayar keke. Kai ka raɗa mini Sarkin Kumfa, don na fi yaranka saurin hango inda iska ke fita. Rabonmu tun bikina, shekara goma sha ɗaya ke nan. Laifin nawa ne. Da akwai waya ban kira ba, yanzu da aka ɗauke sabis ga ni da biro. Sagir direba, mai zirga-zirga tsakanin Gummi da Anka, shi zai kawo maka.

Ga abin da ya kawo ni. Maigidana Malam Uwais yana zuwa Tungar Liman kullum ban da Alhamis da Juma'a, yana ba dattawa karatun littattafai, darasin da ya gada wurin mahaifinsa. Da babur yake zuwa. Yanzu mai ya yi wuya, babur na jingine a zaure, shi kuma yana takawa a ƙasa, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Gwiwarsa ta kumbura. Ba ya faɗi, amma ina ganin yadda yake miƙe ƙafa a zaman tahiya.

Akwai keken mahaifin nasa, shekara takwas yana rataye a ɗakin ajiya. Malam ya ce in sa a kai wa Bilyaminu mai gyara a bakin tasha. Maƙwabcinmu Jamilu ya tura shi da hantsi, kafin azahar ya dawo da shi. Wai Bilyaminu ya ce aiki ya yi masa yawa, kowa ya zaro tsohon kekensa, wannan kuwa gara a sayar wa masu gwangwan. Kawu, bakina ya kasa faɗa wa Malam an kira keken babansa gwangwan. Na tura shi bayan buhunan gero na rufe da tabarma. Malam yana zaton yana wurin Bilyaminu, ni kuma ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ni zan gyara shi. Malam yana fita bayan asuba, sai la'asar yake dawowa, ina da wuni guda. Abin da na gani: tayoyin duk sun sace, na baya har ya tsage. Kaca ta yi tsatsa ta ƙame kamar sanda. Fedar hagu ta karye rabi, ƙafar gaba tana rawa, sirdi kuwa ɓera ya yi buki da shi. Birkinsa irin na ƙarfe ne na da. Kayan aikina filaya guda, wuƙa, da tsohon sukudireba.

Kada ka ce in bari. In faɗa za ka yi, ka yi shi a shafi na biyu. Na farko ka rubuta mini yadda ake yi.

'Yarka,
Kubura

*

Gummi,
Asabar, 18 ga Satumba

Wa alaikumus salam, Sarkin Kumfa.

Takardarki ta iso. Ƙafa tana nan yadda kinka bar ta, sai dai ta ƙara tsufa. Tabawa na gaishe ki, ta ce ashe kina da rai. Ni na ajiye sana'a shekara huɗu ke nan, amma akwatin kayan aiki na nan ƙarƙashin gado. Na ba Sagir ƙunshi: tif biyu, taya guda, feda, sholisho na liƙe faci, boris ('yan ƙwallayen ƙarfen cikin ƙafa) da ɗan giris cikin gwangwanin tumatir. Sirdi ki naɗe shi da tsumma da roba, ba sarauta za shi ba.

Da fari ki shimfiɗa buhu, ki kife keken, ƙafafu sama. Duk notin da kinka kwance ki jera shi bisa faifai yadda ya fito, don lokacin mayarwa ki bi sawunki baya. Wanda ya tara notuna cikin kwano guda, shi ke gama aiki ya tarar da saura uku a hannu.

Kaca ki jiƙa ta cikin kananzir kwana biyu, ki wanke da tsohon buroshin haƙori, ki shanya, sannan ki bi ta gaɓa-gaɓa da baƙin mai, ɗigo guda-guda, ki share abin da ya yi saura. Kada ki sa man gyaɗa. Na san ku mata, shi ne kusa da hannu. Danƙo yake yi, ya kira yashi da tururuwa.

Taya kada ki ɓamɓare shi da wuƙa ko sukudireba, da bayan cokali ake yi. Kafin ki sa sabon tif ki zagaya cikin tayar da yatsa, ƙaya ta kan kwana ciki shekaru tana jiran sabo. Ki ba tif ɗin iska kaɗan kafin ki tura shi, kada ya naɗe.

Fedar hagu kuwa, to fa, ita ba ta bin jama'a. Inda kowane noti ke ɗaurewa, nan take kwancewa. Juya ta baya-baya. Na ga ƙarti sun yi gumi kanta har la'asar.

Rawar ƙafar gaba boris ne sunka cinye. Ki buɗe a hankali, ki ƙirga na kowane gefe kafin su watse, ki mayar da sababbi daidai wannan adadi cikin giris. Ki ɗaure har rawar ta ɓace amma ƙafar na juyawa da kanta. In kinka sake ta, bawul, wato bakin ba da iska, ya gangaro ƙasa ya tsaya, to kin yi daidai.

Sauran ƙa'ida guda ce, shekara arba'in ina ci da ita: keke ba ya kuka banza. Duk inda kinka ji shina kuka, ƙishirwa ce, ki ɗiga masa mai.

Ga shafi na biyu, tunda kin yi mini izini. Aikin bai dame ni ba, hannunki ya fi na rabin yaran da na koya wa. Ɓoyon ne ban so ba. Kin ce ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba. Yo ai wanga wayo mun san shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ɗiyata. Ki faɗa wa mijinki tun abin yana ƙarami.

Kawunki,
Shitu

*

Bukkuyum,
Laraba, 29 ga Satumba

Kawu, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka da Inna Tabawa, Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Mu lafiya lau. Ƙunshi ya iso ba abin da ya ɓace, Allah ya saka da alheri.

Keke ya tashi, Kawu. Kwana biyar na yi a kansa. Fedar hagu duk da gargaɗinka sai da ta sa ni gumi, don hannuna ya ƙi yarda da abin da idona ya karanta. Boris ɗaya ya gangara tsakar gida, kafin in miƙe kazata ta haɗiye shi. Tana nan da ranta, na yi sa'a ka aiko da ƙari. Na saki ƙafar gaba, bawul ya gangaro ya tsaya ƙasa kamar yadda ka ce, na zauna ina dariya ni kaɗai a ɗakin ajiya.

Baƙin mai ya shige mini farce, sabulu ya kasa, toka ta kasa. Sai na kwaɓa lalle na ƙunsa hannu biyu har wuyan hannu. Malam ya ce bikin wa ake yi bai ji ba? Na ce sai da biki ake ado?

Ranar Juma'a yana masallaci na fito da keken na jingine a zaure. Da ya dawo ya zagaya shi sau biyu. Ya taɓa ƙararrawa. Sannan ya ce, "Haka take kaɗawa lokacin Baba. Allah ya yi wa Bilyaminu albarka." Ya ce zai biya ta tasha ya yi masa godiya, na ce Jamilu ya riga ya yi. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi da bakina. Na karanta shafinka na biyu, ban manta ba. Ina jiran gwiwar ta sace tukuna, kada ya ji ya yi zuciya ya jingine keken ya koma tafiyar ƙasa.

Yanzu cikin minti arba'in yake isa. Abu ɗaya ya dame shi, birki. In ya kama shi sai ya yi ƙara kamar ana yanka akuya, dattawan suna zaune ƙofar masallaci duk su ɗago kai. Ya ce bai dace mai zuwa ba da karatu ya iso da irin wannan hayaniya ba, a mayar wa Bilyaminu ya duba. Na ce zan sa a duba. Sai na tuna ƙa'idarka. Yana sallar asuba na ɗiga baƙin mai a kan robobin birkin huɗu, na shafe gefen wilin, inda robobin ke kamawa, da tsumma, gaba da baya. Kukan ya ɗauke ɗif. Malam ya ce birkin ya yi laushi, ya ji daɗinsa.

Ta doguwar hanya yake bi yanzu, mai yashi, wadda keke ke tsayawa da kansa in an daina taka feda. Gajeriyar ta gangaren rafi ce, amma ruwa bai janye ba. Ya ce nan da mako biyu in ya ja baya zai koma bin ta, ya rage rabin tafiya.

Ka faɗa mini iska nawa ya kamata in riƙa ba taya, da hannu kawai nake gwadawa.

'Yarka,
Kubura

*

Gummi,
Juma'a, 1 ga Oktoba

Kubura,

Salamu alaikum, muna lafiya. Ki karanta wagga takarda tsaye.

Ba a sa wa birki mai. Ko ɗigo. Birki da kamu yake aiki, mai kuwa santsi ne. Abin da kinka yi, keken ba shi da birki yanzu, gaba da baya. Yashi ne ke tsayar da mijinki.

Kada ya sake hawa. Ki faɗa masa yau, ko ki sace iskar tayoyin. Ki wanke gefen wilin da ruwan zafi da garin sabulu har tsumma ya fito fari. Robobin ki cire ki jefar, sun sha mai, ba su da magani. Na saka sababbi huɗu cikin ambulan. Kukan da kinka ji tsufan roba ne, ya bushe ya yi tauri, kuma ko da kukan yana kamawa.

Ƙa'idar da na rubuta miki ta kaca ce da feda da boris. Ban zaci za ki kai ta birki ba. Laifina ne da ban ce ban da shi ba.

Gangaren rafin nan kada ya kusance shi. Sagir zai tashi da safe, na ce ya miƙa miki hannu da hannu.

Shitu

*

Bukkuyum,
Lahadi, 10 ga Oktoba

Kawu, assalamu alaikum.

Da fatan kuna lafiya, kai da Inna Tabawa. Mu lafiya. Wake ya fara nuna. Gwiwar Malam ta sace sosai, har yana zaman tahiya kamar kowa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan ban ji daga gare ka ba. Sagir ma ban ƙara jin ɗuriyarsa ba, amma ai motoci ba su ƙare a duniya ba, da kana son amsawa da ka sami mai kawowa. Na fahimci shirun. Ka ce in faɗa wa Malam, na rubuto maka cewa ƙarya ma na ƙara, shi ne ka ɗauke hannunka. Ban ga laifinka ba. Sai dai kai kana Gummi, ni ce nake zaune da mutumin nan shekara goma sha ɗaya. Gidan malamai ne. Ko guga ya faɗa rijiya ba mace ke ciro shi ba, sai a jira namiji. Zan faɗa masa, amma ni zan zaɓi ranar.

Keke yana nan lafiya. Tayar baya ta yi faci sau ɗaya, ƙayar aduwa ce, na nemo hujin cikin kwanon wanki na liƙe. Ban manta da sarautata ba. Duk Juma'a ina bin kaca da mai, ina ƙara wa birki ɗigo biyu kada kukan ya dawo.

Ruwan rafi ya janye. Jiya Malam ya ce shanu sun fara ƙetarewa, cikin makon nan zai gwada gajeriyar hanya.

Jamilu zai zo Gummi ta'aziyya, shi na ba wannan. Ranar Alhamis zai juyo. In fushin ya huce ka ba shi amsa, in bai huce ba ka gaishe mini da Inna.

Kubura

*

Gummi,
Laraba, 13 ga Oktoba

Kubura,

Inna lillahi. Wane fushi? Tun ɗaya ga wata na rubuto miki na ba Sagir. Ashe ba ta iso ba. Jamilu sai yau ya tuna da takardarki cikin aljihu.

Ba a sa wa birki mai! Keken ba shi da birki. Kada Malam ya hau, kada ya bi gangare. Ki tsaya bakin zaure ki hana shi, ko me zai ce. Na nemi mota yau ban samu ba, da ni zan zo da ƙafar nan tawa. Na faɗa wa Jamilu da baki, na ce daga tasha ya wuce gidanku kafin nasa.

Allah ya sa wagga takarda ta riga Malam.

Shitu

*

Bukkuyum,
Asabar, 16 ga Oktoba

Kawu, assalamu alaikum.

Ina gaishe ku. Takardunka biyu duk suna hannuna. Ta Jamilu ta iso Alhamis. Ta Sagir ta iso jiya, ya wuce da niyyar tsayawa a dawowa, sai motarsa ta lalace a Anka ta yi mako biyu a gareji, takardar na cikin aljihun gaban mota da robobin a ciki. Ya ba da haƙuri. Malam kuwa ranar Talata ya faɗi.

Yana da rai, alhamdu lillahi. Zan faɗa maka yadda aka yi. Ya bi gangaren da safe. A ƙasa shanun wani Bafulatani mai suna Manu suna shan ruwa. Malam ya kama birki biyu, keken ya ci gaba da gudu. Don kada ya afka cikin shanun sai ya karya kai gefe, ya daki dutse. Hannun dama ya karye a tsintsiya, goshi ya tsage. Manu ne ya ɗauke shi, ya nemo amalanke aka kawo shi gida, keken a gefensa. Mai ɗori ya ɗaure hannun, ya ce kwana arba'in. Da hannun yake rubutu, Kawu. Ni nake ba shi abinci a baki.

Ƙafar gaba ta lanƙwashe, fitila ta fashe. Sauran keken ba abin da ya same shi. Aikin boris ɗin ma yana nan daram.

Manu da zai sauke keken ya kama wili, hannunsa ya fito baƙi. A gaban mutane ya ce, "Wane mara imani ne ya shafa wa birki mai?" Aka tambayi wa ya yi gyara, Malam yana kwance ya ce Bilyaminu. Washegari ɗalibansa suka je bakin tasha, dattawa da furfurarsu, suka yi wa Bilyaminu tas. Ya rantse da Allah shi ko noti bai taɓa ba a keken nan. Ba wanda ya yarda. An ce tun ranar mutane ke zuwa suna janye kekunansu daga rumfarsa, wasu ma ba a gama gyarawa ba. Yana da mata da 'ya'ya biyar.

Da aka kawo wa Malam labarin rantsuwar ina zaune ina masa fifita. Ya dubi rufin ɗaki ya daɗe, sannan ya ce in ba shi ruwa. Tun ranar bai sake ambaton keken ba.

Jamilu ya san komai, shi ya dawo da keken daga tasha, kai kuma ka faɗa masa sauran. Ya aiko matarsa ta ce mini shi bai ce wa kowa komai ba tukuna. Na ji wannan tukuna ɗin.

Na zarge ka da fushi alhali kana can kana neman mota. Ka yafe mini. Tsoro nake ji, Kawu. Ba tsoron ya ce in tafi gidanmu ba, ban zaci zai yi haka ba. Shekara goma sha ɗaya in na ce masa abu ba ya sake tambayar wani. Tsorona ranar da zan ce masa an yi ruwa ya leƙa waje ya duba. Sau uku ina buɗe baki, sai in ga hannun a ɗaure in rufe.

Me zan yi?

Kubura

*

Gummi,
Talata, 19 ga Oktoba

Ɗiyata Kubura,

Wa alaikumus salam. Assha. Allah ya ba Malam lafiya, ya sa kaffara ce. Tabawa ta yi kuka, tana yi muku sannu. Ni kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba.

Shekara arba'in ina faɗin wagga ƙa'ida ga yara suna tsaye gabana. In ɗayansu ya nufi birki da gwangwanin mai, sai in buge masa hannu, shi ke nan ya koya. Ban taɓa buƙatar in ce ban da birki ba. Takarda ba ta buge hannu, ni kuma na manta. Man da ke wilin nan rabinsa nawa ne. Na rubuta wa Malam haka da hannuna, ga ta nan ciki ban liƙe ba, ki karanta.

Ɗaya rabin naki ne, kuma ba man nake nufi ba. Kuskuren mai kowane mai koyo na iya yin sa. Amma yau akwai mutum zaune bakin tasha, sunansa na ɓaci kan aikin da bai yi ba. Mai sana'a sunansa ne shagonsa, na sani don na zauna wurin. Duk wayewar garin da kinka yi shiru, daga bakin 'ya'yansa ake cirewa.

Kin ce me za ki yi. Kin sani. Takardata kada ki miƙa masa sai bakinki ya riga ta. In ita ta fara isa, ko Jamilu, to abin da kike tsoro ya tabbata. In ke kinka fara, ban ce ba zai tabbata ba, ban san mutumin ba. Amma dai ta nan ce kaɗai hanya.

Wilin da ya lanƙwashe kada ki jefar. In bai tsage ba ana miƙe shi da wayoyinsa, a ɗaure na wanga gefe a sassauta na wancan, rubu'in juyi kowane. Aikin haƙuri ne. In an bar ki kin sake taɓa keken, zan rubuto miki dalla-dalla, kuma wanga karo har da abin da ba a yi.

Kawunki,
Shitu

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bukkuyum,
Lahadi, 24 ga Oktoba

Daga Uwais ɗan Malam Abdulmajid, zuwa ga surukina Malam Shitu, Gummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, kai da iyalinka. Hannu yana sauƙi, goshi ya kame. Damata a ɗaure take, don haka ni ke faɗa, Kubura ke rubutawa. Na ce ta rubuta yadda na faɗa ko bai yi mata daɗi ba.

Takardarka ta same ni. Na yafe, ko da yake ban ga abin yafewa ba. Ka aiko da gargaɗi sau biyu, Allah bai nufa ya iso kan lokaci ba.

Ranar Laraba bayan azahar Kubura ta faɗa mini komai, tun daga maganar gwangwan har man birki, kafin ta miƙo takardarka. Ban yi mamaki ba. Tun ranar da aka ce Bilyaminu ya rantse na san gaskiya ya faɗa, na yi karatu da mahaifinsa, ba gidan rantsuwar banza ba ne. Na kwanta ina lissafin wanda ya rage, sai na tuna lallen da ba biki. Na yi shiru ina jira in ga ko za ta faɗa da kanta. Kwana bakwai na jira. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ƙaryar ta fi karayar yi mini ciwo. Har yanzu bai gama wucewa ba. Ta rubuta wannan ma.

Amma kwana bakwan nan da na yi ina gwada matata, Bilyaminu ne ya biya su. Wannan nawa ne. Kuma ni na ce a kashe kukan birki don ina jin kunyar dattawa. Na kuma tambayi kaina me ya sa mace za ta tayar da keken mahaifina da filaya da cokali, sannan ta ɓoye hannunta kamar ta yi sata. Ban ji daɗin amsar ba.

Shekaranjiya bayan sallar Juma'a na tsaya ƙofar masallaci na ce Bilyaminu bai taɓa keken ba, a gidana aka yi gyaran, a gidana aka yi kuskuren, ni da ɗalibaina mun zalunce shi. Wani ya ce wa ke gyaran keke a gidan Malam? Na ce iyalina. An yi 'yar dariya a sahun baya. Daga nan na taka har rumfarsa na nemi gafara. Ya yafe, amma bai tashi daga kan bencinsa ba. Yana da gaskiya. An ce kekuna sun fara komawa.

Buƙatata biyu. Ka rubuto mata yadda ake miƙe wili. Kuma in akwai sifana a akwatinka da ba ka amfani da ita, ka aiko, filaya tana cin kan notuna. Keken yana tsakar gida yanzu, ƙafafu sama. Ita ke aiki, ni ina riƙe mata da hagu.

Wassalam.
Uwais

Kawu, wannan layin nawa ne, bai ce in rubuta ba. Na wanke wilin baya, na sa sababbin robobi biyu. Na juya ƙafar na kama birki, ta tsaya cak, amma da ɗan kuka. Na dubi Malam. Ya ce a bar shi ya yi ta yi.